Takalmi a Motar da Ke Shan Ruwa

Ina zaune a bencin gareji ina jiran motar surukina, idona na kan wani dattijo. Rigarsa a goge take, amma maɓallan a karkace. Babu mace a gidansa, ni dai na san irinsu. Motarsa ta girme wa haƙoran bakina. Wai kullum yana cika lagireto, kullum ruwan sai ya ɓace, ƙasa kuma ko ɗigo babu.

Bakanike ya matsa tiyo, ya shinshina hayaƙin salansar motar. "Baba, in injin ne ke shanyewa, sai dai ka haƙura da ita."

Na ce wa dattijon, "Malam, mu tsofaffi ai kowa da inda yake yoyo." Ko murmushi bai yi ba.

Bakanike ya kai hannu ƙofar gaba, gefen fasinja. Dattijon ya riƙe shi. "Ba a buɗe wannan."

"Baba, tiyon ruwan hita, mai ɗumama cikin mota, nan ƙarƙashi yake."

Da ƙyar ya sake shi. Kafet ɗin jagab, a kansa silifas na mace, a jere.

Bakanike ya ce, "Ga ɓarawon! Ƙaramin gyara ne. A kawar da takalman kawai."

Dattijon da kansa ya durƙusa ya ɗauke su hannu biyu, yana goge su da bakin riga. Ban tambaya ba. Mai su ba unguwa ta je ba, tafiyar da ba a dawowa ta yi.

"Wata uku suna jiƙa," in ji shi, ba da kowa ba. "Ita da ko raɓa ba ta son takawa."