Dakan da taɓarya ba ta taɓa turmi ba

Shekarun baya, bayan rasuwar maigidana, masu shirya fim suka sauka ƙauyenmu, nan wajen Zoza. Aka ce suna neman tsohuwar da za ta yi daka a gidan mai unguwa. Ni da ko gidan biki ba na daɗewa, na ce zan yi. Dalilina ɗaya ne. 'Yata tana aure a Kudu, damina huɗu ban sa ta a ido ba, kuma na san ba fim ɗin da yake wuce ta. Na ce to, ko a waya ne ta ga uwarta.

Na ɗaura atamfar sallata, na tafi da gerona. Mai ba da umarnin ya dube ni ya ce, "Iya, zanin nan ya yi kyau da yawa." Aka miƙo min wani koɗaɗɗe. Ina soma daka ya ɗaga hannu.

"Ƙarar tana danne kukan jarumarmu. Ki riƙa ɗagawa kina saukewa, amma kada taɓarya ta taɓa turmi."

Na ce, "Ɗan nan, a gidan wa ake daka haka? Ita kuma wannan tun safe kuka take, ba wanda zai miƙa mata tsintsiya?"

Suka kwashe da dariya. Ya ce, "Ki dai juya mana baya, Iya." Haka na wuni ina dakan iska da girmana.

Da fim ɗin ya fito na sa aka faɗa mata ta kalla, a garinmu aka yi. Ban ce ina ciki ba, so nake ta gane da kanta. Ranar Juma'a ta kira. Bayan mun gaisa ta ce, "Inna, na gani. Amma wace tsohuwa suka samo da ba ta iya daka ba? Na ce wa maigidan, da Innata na wurin da ta ƙwace taɓaryar."

Na ce, "Ai kuwa." Na tambaye ta yara.

Har yau ban faɗa mata ba, kuma ban ga laifinta ba, abin da aka nuna mata ta gani. Sai dai yanzu in maƙwabta sun kunna fim, ba mai kukan nake kallo ba. Matan da ke bayanta nake bi da ido, masu tankaɗe da wanke-wanke, ina jira in ga wadda za a bari ta waiwayo. Ban gani ba tukuna.