Karan da Na Jingina a Bayan Rumbu

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji huɗu, Baba ya kafa tsani a jikin babban rumbunmu. An yi ruwa da safe, tsakar gida duk caɓi. Maƙwabta biyu suka taya shi ɗage jinka, ni da Inna muka tsaya a ƙasa muna jiran damin farko. Ya leƙa, ya daɗe yana leƙe. Sannan ya zura hannu ya ɗago zangarniyar gero, ta marmashe a tafinsa ta zama ƙasa.

A ƙauyenmu na kusa da Sakajiki, gida mai tsari rumbu biyu gare shi. Ƙaramin ake ci daga kaka har cikin damina. Babban kuwa da an gama girbi ake rufe shi, ba mai ƙara leƙawa sai damina ta raba tsakiya, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Kowa da aikinsa a kan abincin nan. Baba ke yaɓe da gyaran jinka. Inna ke shanya kuɓewa da yakuwa, ta cakuɗa wake da toka ta liƙe a tulu. Nawa aikin shi ne duwatsun da rumbu ke zaune a kai: in share ƙarƙashi kowace safiya, in kankare duk wata hanyar gara da ta fara hawa, in zagaye kowane dutse da toka. Kakata, mahaifiyar Baba, takan zauna a bakin ɗakinta tana duba ni kamar sufeton makaranta. "Ke 'yar boko, gara ba ta hutun Asabar da Lahadi," in ji ta. Ban taɓa fashi ba, kuma ina alfahari da hakan.

Sai dai akwai wani aikin, ɗebo kara daga gona don girki. Wurinsa saman rumfa, inda ba ya taɓa ƙasa, amma ɗora shi can sai da hawa da sauka, makaranta kuma da nisa, malamin da ke tsaron makara bai san uzuri ba. Wata safiya a bazara na tura damin kara cikin lungun da ke tsakanin babban rumbu da danga, na jingina shi tsaye, da niyyar in gyara da yamma. Da yamma aka kira ni wasan gaɗa. Bayan kwana biyu na ƙara wani. Ruwa ya sauka ya jiƙa su, gindinsu a ƙasa, kansu a ƙarƙashin jinka. Wata uku ina tsare duwatsu da toka ta gaba, alhali ta baya na kafa wa gara tsani da hannuna.

Baba ya sauko ya zagaya lungun, ya ja karan, suka zube da ƙasar gara a jikinsu. "Wa ya aje karan ga nan?" Na ce ni ce. Na rufe ido ina jiran duka, har ina so. Bai taɓa ni ba. Ya juya ga maƙwabtan ya ce, "Jinkar ce ta yi yoyo, laifina ne." Su ma sun ga karan, amma suka ce Allah Ya mayar da alheri.

Abin da aka tsira da shi bai kai sulusi ba. Baba ya bar gonarsa ciyawa na cin ta, ya shiga ƙwadago a gonakin mutane. Tunkiyar Inna ta tafi kasuwar Moriki, ta dawo a matsayin dawa. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, sauran lokutan sai kwaɗon tafasa da kunu mai ruwa-ruwa. Inna na shayar da ƙanena Bello, nono ya ja baya, yaron ya daina kuka mai ƙarfi. Saura kwanaki a fara karyar sabon gero aka binne Bello. Zazzaɓin damina ne, haka kowa ya faɗa, kuma wataƙila gaskiya ne. Tun daga ranar Kaka ba ta ƙara tsokanata ba, kuma wannan ya fi mini bulala ciwo.

Yanzu a Kaura nake koyarwa, hatsina a buhu yake zuwa. Da yawa daga cikin ɗalibaina 'ya'yan ƙauyukan da 'yan bindiga suka watsa ne. Iyayensu, in an bar su sun yi noman, a makon girbi suke kwaso amfanin zuwa gari, su cusa a ɗakin wani ɗan'uwa, domin cikakken rumbu a ƙauye gayyata ce ga masu bindiga. Gidanmu ya sha yunwar shekara guda, ya rasa ɗa, amma da kaka ta zo Baba ya sake cika rumbunsa ya rufe, bai yi shakkar cewa shi zai buɗe ba. Wannan rashin shakkar nake kewa.