Baban Kaji Ya Fasa Taga

Baban Kaji ba ya kuskure. Idan abu ya lalace a hannunsa, to ko dai hassadar maƙwabta ce, ko matarsa ce ba ta bi umarni ba. Ya taɓa ɗinki, ya taɓa gyaran rediyo, duk ya watsar, wai mutane ba su san darajar gwani ba. Da ya faɗa kiwon kaji sai ya dace da abin da yake nema tun yana saurayi: masu sauraronsa ba musu.

Babban iliminsa a duniya shi ne iska muguwa ce. Ita ke kawo mura, ita ke kawo sanyin ƙashi. Don haka ya bi ɗakin kajin da leda da tsofaffin buhuna ya toshe ko'ina, ko ƙuda sai da izini. Ɗakin girkin da ya gina a bayan gida ma bai yi masa taga ba. A nan matarsa, wadda kowa ke kira Inna, take wuni: ta hura icce, ta tafasa ruwa, ta fige kajin da ya yanka wa masu saye. Hayaƙi kan turnuƙe har ba ka ganinta, sai dai ka jiyo tarinta. Shekara da shekaru tana roƙon ya fasa mata ko 'yar kafa ce a bango, shi kuma kullum sai ya ce bari a fitar da wannan zubin kajin tukuna.

Sannu a hankali ƙafafun Inna suka fara kumbura, silifas ya daina shiga. Daga famfo zuwa murhu sai ta dafa bango ta huta. Baban Kaji ya dube ta sama da ƙasa ya yanke hukunci: hutu ne ya yi mata yawa, ƙiba ce.

Ana nan sai kajin suka soma haki. Cikinsu ya cika da ruwa ya yi tulu-tulu, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Wayyo, zo ka ga tashin hankali! Bawan Allah ko loma ɗaya bai iya haɗiyewa ba. Ya hau babur da kansa ya ɗauko likitar dabbobi, wata matashiya mara wasa, wadda tana leƙa ɗakin ta ja da baya tana toshe hanci.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce huhu yana da wata dabara: duk sashen da iska mai kyau ba ta isa ba, sai jijiyoyin jinin wurin su tsuke, jini ya karkata inda iskar take. Amma idan ko'ina babu iskar, sai dukansu su tsuke lokaci ɗaya. Zuciya ta yi ta turin jini ta matsattsiyar hanya har ta gaji, daga nan ruwa ya fara taruwa a jiki. Baban Kaji ya gyaɗa kai ya ce dama abin da yake zargi ke nan.

Kafin rana ta yi sanyi ya kawo magini. Aka yaye leda, aka fasa wa kaji tagogi manya-manya. Inna na jingine a ƙofar ɗakin girki tana kallo.

"Malam, tunda magini yana nan..." in ji ta.

Ya ce mata magini ya gaji, kuma ita ai ba kaza ba ce.

Daga ranar ya zama shehin malamin huhu. A teburin mai shayi, a gidan suna, har a wurin gaisuwar mutuwa, sai ya kama hannun mutum ya matse masa yatsa don ya nuna yadda jijiya ke tsukewa. Mutane suka koma sauya hanya in sun hango shi.

Wata safiya Inna ta zube kusa da tukunyar ruwan zafi. Ƙaninta ne ya kai ta asibiti, Baban Kaji ya biyo baya sai da ya gama ba kaji abinci. Likita ya danna ƙafarta, yatsansa ya bar rami. Ya fara bayanin cewa hayaƙi ya cinye mata huhu, iska ba ta shiga yadda ya kamata, don haka jijiyoyin...

Ina! Baban Kaji ya karɓe zancen. Ya kawo tsukewar jijiya, ya kawo gajiyar zuciya, ya kawo taruwar ruwa, bai tsallake komai ba, fuskarsa har sheƙi take don daɗi. Ya ce shi ya san ciwon nan tun tuni, a kan kajinsa ya yi maganinsa da tagogi. Likita ya dube shi kawai.

Inna ta janye robar iskar da aka sa mata a hanci. Muryarta da ƙyar take fita.

"Malam, waɗanda suka riga suka kumbura kafin ka fasa tagar, sun tashi?"

Tsoro ya kama Baban Kaji har cikin ƙashi, don shi da hannunsa ya haƙa musu rami a bayan gida ya binne su.