Malam Sa'idu ya tafi ban kira shi ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shirin fita biro, wato ofis, da safen nan aka kira ni daga Yawunde, wai Malam Sa'idu ya rasu bayan sallar asuba. Tun ɗazu nake zagaye tsakar gida, na kasa zama.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne shugabana na farko a ofishin binciken cin hanci a nan Garwa.

Dosiyen farko da aka ba ni, wato fayil ɗin bincike, na takin manoman Ngong ne da aka karkatar. Ina buɗewa na ga sunan kawun matata. Kwana biyu na ɓoye shi a durowa. Malam ya gane. Bai yi min faɗa ba, ya miƙo hannu kawai ya ce, "Ba ni, Habu. Ni ba ni da suruki a Ngong." Ya kai aikin har kotu, gida kuma ba wanda ya zarge ni.

Ranar da naƙuda ta kama matata ina Figil, shi ya kai ta asibiti a tsohuwar motarsa.

Da ya ajiye aiki ya ce zai tsaya takarar depite, wato ɗan majalisa, ni na fi kowa fushi. A gaban mutane na ce masa, "Waɗanda muka bincika jiya, da su za ka zauna gobe?" Ya ci zaɓe, ban je murna ba. Shekara uku ba na ɗaukar wayarsa.

Watan jiya muka yi kiciɓis a tashar jirgin ƙasa ta Ngawundere, da la'asar. Ya rame sosai, riga ta yi masa yawa, da gani ba shi da lafiya.

Ya gaishe ni da Fulatanci, "Jam na, ƙanena? Har yanzu fushin ne?"

Muka zauna a benci, ya ba ni labarin dokar da yake ta kaiwa majalisa don kare ma'aikatan da ke tona asirin ɓarayi, ana ta dawo masa da ita. Sai ya riƙe hannuna.

"Ka zo ka taya ni. Duk wanda ke kusa da ni yanzu, 'to' kawai yake ce min."

Na ce zan yi tunani, zan kira shi.

Ban kira ba. Kullum sai in ce gobe. Wallahi ban san ciwon ya kai haka ba, kuma har yanzu ban san ko ni ke da gaskiya a kan siyasar nan ko shi ba.

Allah Ya gafarta maka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya ba Hajiya da yara haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ni ma ku saka ni, ban roƙe shi gafara ba.