Abin da ke Ƙarƙashin Robar Keken Sale

Har yau ban manta da safiyar da Sale ya turo keken mahaifinsa rumfata ba, a ƙarshen wata damina mai ruwa sosai. Lokacin ina gyara a bakin hanyar da ta nufi Bici, ni kaɗai, da tukunyar gas da sandunan tagulla.

Sale manomi ne a ƙauyen da ke bayanmu. Ya zo da mahaifiyarsa, Inna Hajara, wadda ƙafarta ta kumbura, zai kai ta asibiti kafin a tashi ganin marasa lafiya. Ya sauke ta daga kariya, wato mazaunin bayan keke, ya zaunar da ita a bencina. Ya ce kan keken ne yake rawa, in ɗaure masa boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke cikin wuyan keken, su wuce.

Ku masu koyo, ku riƙe wannan. Firam ɗin keke bututu uku ne manya. Akwai sandar sama, wadda ake ɗora yaro a kai. Akwai bututun sirdi, mai sauka zuwa gidan feda. Sai bututun ƙasa, wanda ya taso daga gidan feda ya haɗu da wuya, inda fok, ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, yake juyawa. Shi ne yake shan wahalar duk ramin da tayar gaba ta faɗa. Bakin kowane bututu yana zaune a cikin soket, wato mahaɗin ƙarfe, an cika shi da tagulla.

Na matse birkin gaba na tura. Boris lafiya lau. Amma tayar gaba ta miƙe fiye da yadda na san ta, kuma na ji ƙara ƙasa da wuya, siririya.

A wajenmu in mutum yana son kekensa, naɗe firam yake yi da roba mai launi don kada fenti ya goge. Na Sale ja da kore ne, marigayi mahaifinsa ya naɗa da hannunsa. Ruwa yana shiga ƙarƙashin robar nan, ba ya fita.

Na ɗauki reza. Sale ya riƙe mini hannu, ya ce ba abin da ya kawo shi ke nan ba. Na ce to ya tafi da kekensa, amma ban da tsohuwa. Ya sake ni, na tsaga robar.

Tsatsa ta zubo kamar garin barkono. Bututun ƙasa ya tsage dab da soket, ya kusa zagayewa. Abin da ya rage bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Gabansu kuwa akwai gangaren rafi, ruwa ya zaizaye shi.

Sale ya duba, ya dubi rana. Ya ce akwai mai waldar lantarki a gaba, zai ɗiga masa yanzu. Na gaya masa bututun keke ba ƙofar gida ba ce. Kaurinsa kaɗan ne, wutar lantarki huda shi take yi, gefen ɗinkin ya bushe ya karye ba gargaɗi. Aikin da ya dace a narkar da tsohuwar tagulla, a zare ruɓaɓɓen bututu, a sa wani. Ya ce ba shi da wannan lokacin. Ya kama kan keke, ni kuma na kama sirdi. Masu wucewa suka fara tsayawa.

"Malam Audu, uwata ce ko taka?"

"Taka ce. Shi ya sa ba za ta hau ba."

 Na zaci Sale zai kai mini hannu. Ban saki ba.

Sai Inna Hajara ta yi magana daga benci, ba ta ɗaga murya ba. "Sale, ƙafa ɗaya ke ciwo. Kada ka ƙara mini ta biyun. Sakar masa."

Ya saki. Na kwance fok, na kunna wuta. Ina da wani mataccen firam a bayan rumfa wanda bututun ƙasansa yake da rai. Na zare shi, na goge bakinsa har ya yi fari, na zura a soket, na bi da tagulla har ta zagaye ta ɓullo ta ciki. Sale yana ta cewa in zuba ruwa ya huce. Na ƙi, don ruwa yana sa ƙarfe mai zafi ya yi taurin banza. Muka zauna muna jira ya huce da kansa.

Da na haɗa, na aza buhun masara a kariya, na hau na bi ramukan bakin hanya da gangan. Shiru. Na miƙa masa. Rana ta riga ta yi sama. Bai yi godiya ba, ya ɗora Inna Hajara suka tafi. Daga baya na ji sun tarar an tashi a asibitin, suka kwana wajen dangi a Bici, aka duba ta washegari. Sale ya daɗe ba ya gaishe ni.

Abin da na koya shi ne, mai keke yana kawo maka abin da ya ji, kai kuma aikinka ka nemo inda ƙarar ta fito. Wani lokaci za ka tsaga abin da yake ƙauna kafin ka gani, kuma zai ji haushinka. Ka bar shi ya ji. Mai jin haushi da ƙafarsa yake komawa gida.