Malamar da ta koya mana juya magana

Da safen nan ina shan koko saƙo ya shigo daga wata maƙwabciyarta: "Malama Rifkatu ta rasu." Ba ƙari. Na ajiye kofin.

Jiya-jiyan nan aka ɗauke ta daga Mpape za a kai ta ƙauyensu, can bayan Pankshin. Abu ɗaya nake son sani: a hanya ne, ko ta isa? Na buga wa Garba, abokina da ya tuƙa su, waya a kashe.

Bari dai in faɗa muku ko wace ce tukuna.

Shekarun da farar hula suka dawo, Abuja ta cika da sababbin gidaje da sababbin motoci. Ni direba ne a Maitama. Turancinmu bai wuce "yes sir" ba. Oga ya aike ka da magana, ka kai, ka dawo da amsa, a nan ake jin kunya. Malama tana koyarwa a sakandare, sai ta buɗe mana aji ranar Asabar a rumfar ƙofar gidanta: direbobi, masu gadi, masu ban ruwan furanni.

Ba ruwanta da littafi. Sai ta ce, "Baba Direba, me ya faru yau?" In ce na fasa madubin mota.

"Faɗa da Turanci."

I broke the mirror.

"Juya ta."

The mirror was broken.

"Mai da ita tambaya. Yanzu musanta ta."

Garba ya ce shi dai ta biyun nan ya zo koya, tunda ba ta kama sunan kowa ba. Ta ce, "Garba, Turanci nake koya maka, ba gudun laifi ba."

Wani lokaci ta tsayar da mu uku: oga, ɗan aike, da wanda aka aika wa. Oga ya ce "I am coming," ɗan aike ya je ya ce "He said he was coming." In ka ƙara gishiri ko ka rage, sai ka ji ƙwas! Ta buga cokali a benci. Takan ce, "Riga za ka canza wa magana, ba mai rigar ba."

Ita Kirista ce, amma ana kiran la'asar take rufe baki, butoci kuwa a cike muke samun su. Da azumi ta mai da ajin safe, wai ba za ta sa masu ƙishirwa maimaita jimla ba.

Bara ɓarin jikinta ya shanye, harshe ya yi nauyi. Makon jiya ni da Garba muka hau dutsen Mpape muka je dubiya. Ɗanta Bulus yana gefe, yaron kirki, duk ya rame da jinya. Ta dube mu, ta haɗa ƙarfinta ta ce, "Take me home."

Bulus ya ce, "Baba, Mama cewa take in ta ji sauƙi za ta je gida."

Ƙwas! Da hannunta mai lafiya Malama ta bugi ƙarfen gado.

Ni da Garba muka dubi juna. Na ce, "Bulus ɗana, ka yi ƙari. Ba ta ce in ta ji sauƙi ba."

Ya fashe da kuka. Ya ce tsoron hanyar yake ji, kada ta cika a mota. Na ce mu ma muna ji, amma maganarta ke nan, mu 'yan aike ne.

Garba ya je wurin ogansa ya roƙi aron mota da Turancin da ko ni sai da na yi mamaki. Oga ya ba da babbar, mai na'urar sanyi. Mota ba ta hawa lungun gidanta, a kujerar roba tsofaffin ɗalibanta suka sauko da ita. Da za a rufe ƙofa ta ce mini, "Baba Direba, good." Ban san me na yi daidai ba, na dai karɓa.

Sai da hantsi ya dubi ludayi Garba ya kira. Caji ne ya ƙare masa.

Na ce, "Kun isa?"

Ya ce, "Alhaji, mun isa tun la'asar. Yayarta ta tare ta. An zaunar da ita a ƙofar ɗakin mahaifiyarsu, tsofaffi suna ta zuwa gaisuwa da yarensu, tana amsawa. Wallahi ko kalma ɗaya ta Turanci ba ta yi ba. Ta sha kunun acca, ta yi barci, da asuba aka tarar ta tafi."

Alhamdu lillahi. Sai a lokacin na iya kuka, kuma ba mai nauyi ba.

Allah ya saka mata da alherin da ta yi mana, ya ba Bulus da danginta haƙuri. Duk wanda ya karanta, Musulmi ko Kirista, don Allah ya sa su a addu'a. Ku haɗa da Garba, yana hanyar dawowa shi kaɗai.