Ranar da Muka Kai Duna Bakin Watari

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, amma ba za su taɓa goge ranar da muka kai karen maigidana bakin madatsar ruwan Watari ba.

A shekarar da maigidana ya rasu ne. Ya bar mini yara da gona, da wani baƙin kare mai suna Duna, wanda yake bin sa wajen noman rani a bakin Watari. Tun da aka binne shi, Duna ya ƙi abinci. In na zuba masa tuwo a kasko, sai ya shinshina, ya koma ƙofar ɗakin marigayi ya kwanta. Ɗan abin da yake tsinta a bayan gida ne kawai ya riƙe ransa, har haƙarƙarinsa ya fito. Ina tsoron in wayi gari in tarar ya mutu. Ba na jin zan iya ɗaukar wannan ma.

Washegarin Kirsimeti yayar mijina ta shigo da kwanon shinkafa a ka. Mace ce mai barkwanci, ko a gidan makoki.

Ta ce, "Tashi, amaryarmu, yau bakin ruwa za mu. Ke da karen nan kun bushe kamar kuɓewar bara, na rasa wanda zan fara tausaya wa."

A bakin hanya muka tare akori-kura. Direban ya leƙo ya ce, "Iya, ni tumatir nake ɗauka, ba kare ba."

Yaya ta ce, "Yi shiru, ɗan nan, ya fi ka sanin hanyar."

Haka muka zauna a baya cikin kwanduna, Duna a kan ƙafata.

Bakin ruwan ya cika. Ga masu soya kifi, ga masu rake, yara suna birgima a yashi. Muka nufi ɓangaren manoma, inda ba mai korar kare, don karnuka ne masu gadin gonakin. Duna na jin ƙamshin wurin ya fizge igiya, ya faɗa ruwa. Rabona da in ga jelarsa a sama tun maigidan yana da rai.

Da ya fito, bai zo wurinmu ba. Ya miƙe wajen wani dattijo da ya tsuguna a gindin mangwaro da buta zai yi alwala, ya tsaya gabansa, ya kakkaɓe jikinsa kaf a farar rigarsa.

Dattijon ya zabura ya ce, "Subhanallahi! Duna, har yau ba ka bar halin nan ba?"

Ashe Malam ne, maƙwabcin gonar maigidana. Yaya ta yi dariya har ta zauna a yashi. Ni ma na ji dariya ta kubce mini, na rufe baki da zane don kunya. Malam ya tuɓe rigar ya ɗauraye a ruwa yana mita, ya shanya, ya yi sallarsa da ta ciki. Sannan ya matso ya ce, "Ya ƙarin haƙuri?" Na ce da godiya.

Yaya ta buɗe kwano. Na ɗebi shinkafa da tsoka na ajiye gaban Duna. Ya kau da kai. Nan farin cikina ya koma ciki.

Malam ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, ke kin ci?"

Na ce ba na jin yunwa.

Ya ce, "To ai ba zai ci ba. Marigayi ya hore shi, don kada ya riƙa taɓa abincin mutane a gona. Sai mai shi ya kai loma baki ya haɗiye, sannan ya jefa masa ta biyu."

Ban taɓa sani ba. A gidanmu maza a zaure suke ci, mu mata a ciki. Kuma gaskiya, tun rasuwar ban zauna na ci abin kirki ba.

Na ɗebi loma. Duna ya tsura mini ido. Na haɗiye da ƙyar, na jefa masa ta biyu, ya cafe ta tun ba ta taɓa ƙasa ba. Yaya ta rangaɗa guɗa har masu kifi suka waiwayo. Ɗaya tawa, ɗaya tasa, sai da muka ga ƙasan kwanon.

Yaya ta ce, "To madalla, ni da na dafa sai in sha rake."

Duna ya rayu har ya tsufa a ƙofata. Abin da na koya a ranar shi ne, mai makoki ba ransa kaɗai yake riƙe da shi ba. Akwai masu kallon hannunsa, ba za su ci ba sai ya ci.